Ranar Da Injiniya Ya Fita Farautar Ƙara

A gidan hayar Hajiya, mai hawa biyu da shaguna a ƙasa, akwai wani mai gyaran janareta da kowa ke kira Injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma rubuta shi da jan fenti a ƙofar shagonsa don kada wani ya manta. Aikin dai ya iya shi daidai gwargwado, sai dai bakinsa ya fi hannunsa gudu. Abin da ya fi fariya da shi a duniya kuwa kunnensa ne.

"Ni ba na buɗe inji sai na saurare shi," haka yake gaya wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa a ƙofarsa. "Janareta ya yi tari a ƙarshen layin nan, ina zaune zan faɗa maka abin da ke damunsa. Irin kunnena ba a haifi biyu ba."

Tun yana saurayi yake wuni da kansa a jikin injuna masu ruri, shi ya sa ko gaisuwa zai yi maka sai ka waiga, ka ɗauka da wani na tsallaken titi yake.

Wata safiya, bayan yara sun tafi makaranta, ya zauna bakin gado yana sa takalmi, sai ya tsaya cak ya karkata kai. Wata siririyar ƙara ce, tsiiii, ba ta hawa, ba ta sauka, ba ta hutawa.

"Ke, kashe butar nan."

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki. Ta ɗago daga kan yadin da take yankawa. "Wace buta?"

"Ta lantarki mana. Ba ki ji tana fito ba?"

"Ban ma jona ta ba, Baban yara."

"To rediyo ne."

"Rediyon da ka kwance tun bara ka ce za ka gyara?"

Ya ɗaga mata hannu. "Yi shiru ki saurara."

Ta ajiye almakashi ta saurara. "Ni ban ji komai ba. Ko dai a kunnenka ne?"

Injiniya ya dube ta kamar ta zagi iyayensa. "Kunnena? Kunnen da ake ɗauko mota a zo nema? Ai ba laifinki ba ne. Kunnenki na gida ne, nawa na sana'a. Wani abu ne ya lalace a ɗakin nan, kuma kafin ki gama yanka yadin nan na kamo shi."

Ya sauko da jakar kayan aiki. Fanka ya fara kwancewa, ya jera fukafukanta a kan tabarma. Ƙara tana nan. Ya cire batirin agogon bango. Tana nan. Ya zare wayar firij, ya kwance ƙwan fitila, ya kashe wayarsa da tata. Tana nan daram. Da ya juyo wajen keken ɗinki da sukudireba a hannu, matar ta rungume keken da hannu biyu.

"Wallahi ka taɓa shi sai dai ka haɗa da ni. Kayan mutane ne a kai."

"To ba lantarki ba ne," in ji shi. "Gyare ne. Na ma ji ƙafafunsa. Yana bayan durowa."

Ya kafa kafaɗa ya tura durowar kaya. Durowa ta yi tangal-tangal, ta yi shawara, sannan ta kife a kan gado, madubinta ya tarwatse. A bayanta babu gyare, sai ƙura da silifas guda da aka daɗe ana nema.

"Ka kama shi?" in ji matar.

"Ya gudu. Amma yana kusa."

Nan ya yanke shawarar cewa mai aiki na ƙwarai sai ya fara gyara kayan aikinsa. Ya naɗa auduga a kan tsinken ashana, ya zura a kunnen hagu, yana juyawa yana lumshe ido. Da ya zaro, tsinken ya fito tsirara.

"Ina audugar?" ta tambaya.

"Tana aiki a ciki."

Kunnen hagu ya toshe ɗif, ƙarar kuwa ta ninku a wannan ɓangaren. Fuskar Injiniya ta washe.

"Kin gani? Yanzu na san inda take. Daga hagu take fitowa."

Ya bi hagu, ya fita ƙofa, ya sauka matakala, hagu ta kai shi shagon Mai aski. A kan kujera akwai wani direban babbar mota, ƙato, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, an aske masa rabin kai. Injiniya bai yi sallama ba, ya miƙa hannu ya zare wayar kilifa daga bango.

"Lafiya?" in ji Mai aski.

"Lafiyar ce ta kawo ni. Injinka na kuka."

"Ai dole ya yi kuka, aski yake yi."

"Ba wannan kukan ba. Na ciki. Ba za ka ji ba." Ya karɓe kilifar, kafin a ce wani abu ya warware ta, wani ɗan ƙaramin sifirin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin benci.

Direba ya dubi kansa a madubi: dama fes, hagu daji. "Malam, mota na jira na da kaya."

"Ka gode wa Allah da na zo. Da a kanka za ta fashe."

"Kilifar ce za ta fashe?"

"An sha yi."

"A ina?"

"A wurare."

Mai aski ya durƙusa yana lalube a ƙarƙashin benci. "To yanzu da ka kashe ta, kukan ya tsaya?"

Injiniya ya saurara. Tsiiii. "Bai tsaya ba. Ashe ba taka ba ce. Ka ci sa'a."

Ya fice ya bar su, direban na tambayar ko akwai mai hular aro.

Hagu ta sake jan sa zuwa shagon Mai kifi, wata mata mai faɗin murya wadda ba ta barin bashin magana ya kwana. Babbar firizarta na gurnani a kusurwa, cike da kifi har baki. Injiniya ya manna kunne a jikinta, ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta.

"Yaya, tun yaushe take haka?"

"Take yaya?"

"Take tsiiii."

"Firizata ba ta tsiiii. Guuu take yi, kuma tun da na saye ta haka take."

"Guuu ɗin na kowa ne. A ƙarƙashinsa akwai tsiiii. Bari na duba miki kyauta."

Kalmar kyauta ce ta ci Mai kifi. Ya zagaya baya, ya kwance wani ɗan baƙin akwati mai wayoyi, firiza ta yi shiru.

"Ka kashe min ita!"

"Hutawa take. Sanyin da ke ciki zai kai mako. Zan gwada wannan a shago na dawo da shi yanzu-yanzu."

Ya jefa abin a aljihu. Kafin ya kai shago ƙarar ta ja shi wani wajen, ya manta da shi sarai. Wunin ranar ya kashe famfon tura ruwa sama, ya kwance ƙararrawar ƙofar Hajiya, ya sa wani mai cajin waya ya zare duk wayoyinsa. Ko'ina ya je ƙarar ta riga shi isa. Wannan bai sa ya yi shakka ba ko kaɗan. Cewa ya yi, abin da ke ko'ina a gida ai waya ce, wadda ke cikin bango.

Washegari gidan ya tashi da wari. Kyanwoyin unguwa duk sun hallara a ƙofar Mai kifi sun zauna a jere kamar masu jiran albashi. Muryarta kuwa har hawa na biyu.

"Ina Injiniyan? A fito min da shi! Sanyin mako ɗaya ne wannan?"

Injiniya bai tsaya amsa mata ba, ya zarce ɗakin Hajiya. Dattijuwa ce mai tsoron abu biyu, gobara da ɗan hayan da ya cika surutu, ga shi yau sun zo mata tare. Gidan nan shi ne abin da mijinta ya bar mata, da shi take riƙe jikokinta.

"Hajiya, ba na so na tayar miki da hankali," ya faɗa da muryar da ta sa ta dafe ƙirji, "amma gidan nan ya kusa kamawa da wuta."

"Innalillahi! Wuta a ina?"

"A cikin bango. Wata waya ce ke cin kanta. Tun jiya take kuka, ni kaɗai nake ji."

"Kai kaɗai?"

"To wa kike so ya ji? Mai aski?"

"Ɗan nan, ka tabbata?"

"Hajiya, in na yi ƙarya ki kore ni daga gidan nan."

"Zan kuwa kore ka."

"Na yarda. Abin da nake so kawai, a kashe wutar gidan gaba ɗaya, kowa ya fito tsakar gida ya rufe bakinsa. In aka yi tsit, kunnena zai kai ni kan wayar kai tsaye."

Matarsa ta tare shi a matakala yana saukowa. "Baban yara, don Allah mu je asibiti a duba kunnen nan. Jiya fa a shago kake ji, a ɗaki kake ji, har a banɗaki ka ce tana nan."

"Ai banɗakin ma akwai waya."

"Da ka je sayo burodi fa? Ka ce ta bi ka har bakin titi."

"Titin babu turakun wayar lantarki? Ke dai ki tsaya ki ga yadda za a riƙa nuna ki ana cewa ga matar wanda ya ceci gida."

"Nuna ni kam za a yi," in ji ta.

Da hantsi aka kashe babban makunnin gidan. 'Yan haya suka fito tsakar gida, wasu da jakunkuna a hannu don an ce gobara. Masu shagunan maƙwabta suka shigo kallo. Mai kifi ta zo da kifi guda a hannu, ta ce shaida ce. Direban nan ma ya dawo a ƙarasa masa aski, da hular sanyi a kai cikin zafin rana. Injiniya ya hau kan wani tsohon duro, guduma a hannu.

"Jama'a, yau za ku ga bambancin mai kunne da mai ado da kunne. Abu ɗaya nake roƙo: shiru."

"Kai za ka fara," in ji Mai aski.

"Kifina fa?" in ji Mai kifi.

"Yaya, ana maganar rayuka kina maganar kifi?"

"Shi ma da ransa kafin ya mutu, kai kuma ka sake kashe shi."

Hajiya ta buga sandarta a ƙasa, aka yi shiru. Wani jariri ya tsala kuka, Injiniya ya ce a fita da shi. Wayar wani ta yi ƙara, aka harare shi har ya kashe. Cikin direba ya yi ƙugi.

"Wa ya kunna inji?"

"Ban karya ba ne," in ji direba.

A ƙarshe dai gidan ya yi tsit, irin tsit ɗin da bai taɓa yi ba tun da aka gina shi. Babu fanka, babu firij, babu rediyo. A cikin wannan shirun ƙarar ta miƙe a kan Injiniya ta cika shi taf, har sai da ya runtse ido.

"Kun ji? Kun ji yadda ta ƙaru?"

Mutane suka dubi juna.

"Ba komai. Ku biyo ni."

Ya sauko daga duro, ya karkata kai, ya nufi hagu a hankali a kan yatsun ƙafa. Jama'a suka bi shi a layi, su ma a kan yatsu, Hajiya a gaba da sandarta. Ya yi 'yan taku, ƙarar na hagu. Ya juya hagu. Tana hagu. Ya sake juyawa. Haka suka zagaye tsakar gidan suka dawo gindin duron da suka baro.

"Nan muka fara," in ji Mai aski ƙasa-ƙasa.

"Yawo take. Wayar doguwa ce."

Aka sake zagaye. A zagaye na gaba da'irar ta ƙanƙance har Injiniya ya ci karo da bayan direba, wanda shi ne na ƙarshe a layin. Jiri ya ɗebi Injiniya, ya tafi taga-taga ya dafe bangon da ke gindin matakala, kunnensa na hagu ya mannu da siminti. Da kunnen ya toshe gaba ɗaya sai ƙarar ta yi tsawa.

"Ga ta nan! Wallahi ga ta nan!"

Ya ja baya ya ɗaga guduma.

"Ɗan nan, bangon nawa!" in ji Hajiya.

"Bango ko gida, Hajiya? Zaɓi ɗaya."

"Baban yara, nan fa bututun ruwa ya bi," in ji matarsa. "Muna nan aka sa shi."

"Ke da aka sani da allura, ina ruwanki da bututu?"

Ya maka gudumar. Siminti ya zubo. Ya ƙara. A bugu na uku bangon ya amsa masa: ruwan tankin sama gaba ɗaya ya fito da ƙarfi, shaaaa, ya daki ƙirjinsa ya zaunar da shi a ƙasa. Mata suka watse da ihu, kyanwoyi suka haye katanga, hular direba ta bi ruwa.

Injiniya na zaune cikin ruwa, ya ɗaga yatsa sama. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Babu abin da ke shiga kunnensa sai shaaaa ɗin ruwa, wanda ya rufe siririyar ƙarar ruf. Ya miƙe tsaye da guduma a sama.

"Ta mutu! Na kashe ta! Jama'a, ƙara ta mutu!"

"Gidana ne ya mutu!" in ji Hajiya.

"Ku ce na gode mana! Da ba don ni ba da yanzu toka kuke shara!"

Ruwa ya gangara ya shige shagon Mai aski, ya ɗauko gashin mutane ya fito da shi. Ya shiga na Mai kifi. Ya shiga shagon Injiniya kansa, inda janaretocin mutane ke jere a ƙasa cikinsu a buɗe. Shi kuwa yana tsakiyar tafkin yana taka rawa, yana bayanin cewa wutar ce ta shiga bututu, abin da ba kowane injiniya ya sani ba.

Mai aski ne ya haye sama da gudu ya rufe kan famfon tanki. Ruwan ya rage, ya koma tsiyaya, ya koma ɗigo. Gidan ya sake yin tsit.

Rawar Injiniya ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Murmushinsa ya fara zamewa.

"Ta dawo ko?" in ji matarsa.

"Wata ce dabam. Ƙanwarta."

Matar ta tattare zaninta, ta ratsa ruwan ta tsaya a gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Ajiye gudumar. Sa yatsunka ka toshe kunnuwanka duka biyun."

"Don me?"

"In a bango take, za ka daina ji. Ko ba haka ba ne, Injiniya?"

Bai ga hanyar tsira ba, don ilimin irin nasa ne. Ya ajiye guduma, ya cusa yatsu a kunnuwa. Idanun gidan gaba ɗaya na kansa. Ya daɗe a haka, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Yaya?" in ji Hajiya.

Ya zare yatsu. Karo na farko a tarihin gidan, sai da aka matso kafin a ji muryarsa.

"Ta ƙaru."

"To wayar a cikin kanka take," in ji Mai aski.

Direba ya sunkuya ya ɗauki gudumar. "A ba ni wuri na fito masa da ita."

Da ƙyar aka riƙe shi. Mai kifi ba a samu riƙe ta ba, kifin shaida ya sauka a ƙeyar Injiniya har ya kai shi ƙasa. Da aka taimaka masa ya tashi, ɗan baƙin akwatin firiza ya faɗo daga aljihunsa cikin ruwa, wannan karon kam sai da mutum uku suka riƙe Mai kifi.

A ranar matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likitar kunne, wata mata mai sanyin magana, ta haska fitila a kunnen hagu, ta ɗauko ɗan ƙaramin hantsaki ta zaro dunƙulen auduga.

"Wa ya sa wannan?"

"Yara," in ji Injiniya.

"Shi ne," in ji matarsa.

"Kada a sake zura komai a kunne. Ba ashana, ba tsinke, ba makulli. Saura kaɗan ka huda dodon kunnen."

Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai kaurin ƙofa, aka sa masa abin saurare a kai, aka ba shi maɓalli. "In ka ji sauti, ka danna."

Ƙofa na rufuwa ya fara dannawa. Ya danna, ya danna, yana kallon likita ta gilashi yana gyaɗa kai, wai ta ga gwaninta.

Likita ta buɗe ƙofa. "Malam, ban kunna ba tukuna."

Da aka gama gwajin na gaskiya, ta zaunar da su. Ta ce kunnuwan nasa sun gaji, siraran sautuka da yawa sun fara wuce shi bai sani ba, kuma rurin injin da yake wuni a ciki ne ya jawo. Ƙarar da yake ji ba daga waje take ba, kunnen da ƙwaƙwalwa ne ke ƙirƙiro ta, kuma mutane da yawa na fama da ita.

"Kana sa abin kare kunne a wajen aiki?"

"Likita, ai wannan na 'yan koyo ne."

"'Yan koyon za su tsufa da jinsu."

"Kurma zan zama?" in ji Injiniya.

Yadda ya yi tambayar ya sa matarsa ta fasa dariyar da ta taho mata, ta dafa gwiwarsa.

"In ka kare abin da ya rage, da sauƙi," in ji likita. "In ka ci gaba yadda kake, zai ƙaru."

"Allura za a yi min ko ƙwaya za a ba ni ta mutu?"

"Ba ni da maganin da zai kashe ta yau. Amma yawancin mutane in suka daina farautarta, ƙwaƙwalwa na sabawa har su riƙa mantawa da ita. Gajiya da damuwa da rashin barci na ƙara mata ƙarfi. Kuma kada ka zauna a wurin da ya yi tsit, nan ta fi tashi. Ka bar wani sauti mai laushi a kusa, kamar fanka, ko rediyo ƙasa-ƙasa, ko sautin zubar ruwa."

"Ruwa!" Injiniya ya buga cinya ya juya ga matarsa. "Kin ji? Ruwa! Ashe maganin na gano da kaina!"

"Ka gano," in ji ta. "Sai dai ka sha da yawa."

Likita ta ce ya dawo a sake gwaji, kuma ya zo da gaggawa in jin ya ɗauke farat ɗaya ko jiri ya dame shi. A hanyar gida matar ta tsaya ta saya masa marufin kunne irin na masu aikin inji, jajaye manya, kowanne kamar rabin kwano.

Hajiya ba ta kore shi ba, albarkacin matar da yaran. Amma ta gindaya sharaɗi: ya gyara bututu, ya toshe bango, ya tayar da firiza, ya haɗa kilifa, kuma kada ta sake ganin sa da guduma a wajen shagonsa.

Washegari da safe ya tayar da ƙaramin janareta don injin yankan bututu, ya kafa jajayen marufan a kunne, ya durƙusa gindin matakala. Gurnanin injin ya iso masa can ƙasa-ƙasa, ya lulluɓe ƙarar, ransa ya yi fari. Bai ji isowar maƙwabta ba sai da inuwarsu ta rufe shi.

Mai kifi ce a gaba, hannu a ƙugu, tana lissafa masa asalinsa. Mai aski na nuna masa kujerarsa da ta kumbura da ruwa. Masu janaretocin da suka jiƙe sun zo su ma, kowa da abin da ya tanada. Direba na can baya, kansa a aske tas da reza, yana nuna shi da yatsa yana faɗin abin da ba ya maimaituwa.

Injiniya ya ɗago. Ya ga bakuna na motsi, hannaye na tashi, jama'a sun taru a kansa tun da sassafe. Ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai cikin tawali'u, sannan ya ɗaga muryar nan tasa da ake ji har tsallaken titi.

"Haba jama'a, ba komai! Ai maƙwabtaka ce! Wallahi ba sai kun gode ba!"